Ciwon dunduniya da sallar farilla a kan kujera

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Yamai, shekaruna 52. Wata huɗu ke nan dunduniyata ta dama na ciwo. In na sauko daga gado da asuba kamar na taka ƙusa, da ɗingishi nake kaiwa wurin alwala. In na ɗan yi tafiya sai ya lafa, da yamma ya dawo. Likita ya ce jijiyar tafin ƙafa ce. Mako uku ke nan ina yin Asuba, Magariba da Isha'i a masallacin unguwa a kan kujera tun daga kabbara har sallama, ina nuni da ruku'u da sujada, don wani ya ce mini mai larura an yi masa sauƙi. Azahar da La'asar a kasuwa nake yin su a tsaye yadda aka saba. Sallata ta yi? Ya halatta in shiga masallaci da takalmi, tunda daɓen siminti na ƙara mini ciwo? Kuma ƙanena ya matsa in je wurin wanzami a yi mini sakiya, yana zargin sawuna aka ɗauka.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, Alhaji, ya sa kaffara ne.

Magana guda a cikin wasiƙarka ita ta yanke hukuncin, kuma ina jin ba ka lura da nauyinta ba sa'ad da kake rubuta ta: Azahar da La'asar a tsaye kake yin su, da ruku'unsu da sujadarsu. Ƙafar da ta ɗauke ka raka'a huɗu da rana, ita ce dai take ƙarƙashinka da Magariba. Ba na shakkar ciwonka, wanda ya taɓa yin sa ya san zafinsa. Amma ciwo ne mai lokaci, yana tashi yana lafawa, kuma rangwamen shari'a yana bin halin da mutum ke ciki a sallar da yake gabanta. Sunan cuta kaɗai ba ya sauke rukuni.

Sai ka san abin da ke damunka kafin hukuncin ya zauna maka. A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai kauri da fāɗi, kamar ɗamara, ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa, kamar yadda tsarkiya ke riƙe baka. Yawan tsayuwa a kan daɓe mai tauri, da nauyin jiki, da takalmin da ba shi da tsoka, da taurin sharaɓa, su ke sa ta riƙa ƴar tsagewa daidai inda ta kama ƙashi. An fi ganin haka tsakanin shekara 40 zuwa 60. Da dare ƙafa na sakewa, jijiyar ta takure. Takun farko da asuba sai ya fizge ta, shi ne ƙusar da kake ji. In ta ɗumama sai zafin ya ragu, yinin kasuwa kuma ya dawo da shi da yamma. Ka ga ke nan uzurinka na Asuba irin wanda ake iya rage shi ne da shiri na minti goma, zan zo kan wannan.

Tsayuwa a farilla wajibi ce ga mai iko, wannan ba a yi saɓani ba. Jerin da muka karanta tun muna yara a Ahalari shi ne: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina. Bin wannan jeri wajibi ne. Wanda ya iya na sama ya yi na ƙasa, sallarsa ta ɓaci. Abin da ke halatta sauka shi ne wahala mai tsanani, ko tsoron ƙaruwar cuta ko jinkirin warkewa. Tsayuwar da ke rukuni kuwa ita ce ta kabbarar harama, da ta Fatiha, da wadda ake sunkuyawa ruku'u daga gare ta, da ɗagowa. Fatiha ba ta kai minti guda ba. Mutumin da ke yini a bakin shago ba zai ce minti guda ne ke hana jijiyarsa warkewa ba. Tsayuwar sura sunna ce, don haka in liman ya ja karatu kana iya dogara sanda ko jingina da bango, sallarka lafiya. In zafin ya kai ka ba ka san abin da ake karantawa ba, sai ka zauna, da ya yi sauƙi ka miƙe. Nafila kuwa ka yi ta a zaune yadda ka so.

Yanzu ga maganar wanda ya ce maka an yi wa mai larura sauƙi. Wannan fahimta ta yaɗu, har kujeru sun yi layi a masallatanmu na Yamai, kuma da yawan masu zama a kansu ƙafa ce kawai ke damunsu, goshinsu na iya taɓa ƙasa. Ra'ayin shi ne wai da zarar an yarje wa mutum ya zauna, to ya kammala komai a kujera da nuni. Ban yarda da wannan ba. Kowane rukuni da nasa hisabi. Ƙa'idar malamai ita ce abin da ake iyawa ba ya faɗuwa saboda abin da aka kasa. Ciwon dunduniya a ɗora nauyi yake; sujada kuwa nauyinta a gwiwa da hannu da goshi yake, dunduniya a sama take ma. Da wane dalili za a bar ta? Suna kafa hujja da hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda aka ce masa ya yi sallah a tsaye, in ya kasa a zaune, alhali hadisin tsayuwa ya sauke wa wanda ya kasa, bai ce uffan ba a kan barin sujada ga mai iyawa. Wanda ya koma zama, a ƙasa yake zama ya harɗe, ya sunkuya don ruku'u, ya kai goshinsa ƙasa. Wasu kuma su ce ai Manzon Allah (SAW) ya yi sallah a kan abin hawa da nuni. Gaskiya ne, amma nafila ce a halin tafiya, kuma ruwayar ta bayyana cewa in farilla ta zo sauka yake yi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce tasowa daga ƙasa, domin a nan dunduniya ke ɗaukar nauyi gaba ɗaya. Wannan ma malamanmu ba su bar shi ba: a littafin fiƙihu na Muhtasar na Halil, wanda ke iya dukkan rukunnai amma in ya yi sujada ba ya iya miƙewa, sai ya cika raka'a ta farko da tsayuwarta da sujadarta, sauran ya ƙarasa a zaune. Dubi yadda suka yarda a rasa tsayuwar raka'a uku don kada a rasa sujada. Mai kujera ya rasa duka biyun, ba tsayuwa ba sujada. Kujera hakkin wanda gwiwa ko ƙugu ko baya ya hana shi kaiwa ƙasa ce, shi kam ba laifi, kuma masu cewa bidi'a ce ko ga wannan sun tsananta.

In lanƙwasa yatsu a sujada na ja maka jijiyar, ka saki ƙafar. Abin da ke wajibi a mazhabarmu goshi ne, kafa yatsu sunna ce. Haka zaman tahiya, ka kwantar da ƙafar dama in kafa ta na yi maka zafi.

Sallolin da suka wuce fa? Uku a yini, kwana 21, sallah 63 ke nan. Ka rama su, domin ka bar sujada kana iyawa, kuma a wurin malamanmu rashin sani ba ya tsayawa a madadin rukuni. Akwai malaman da ke yi wa wanda aka ba gurguwar fatawa uzuri, kuma ina fatan ba ka da zunubi tunda tambaya ka yi aka karkatar da kai. Amma sauke nauyin ya fi, kuma ba shi da yawa. Ka fara yau, gwargwadon ikonka, a gida a kan shimfiɗa mai laushi, da gajerun surori.

Sallah da takalmi mai tsarki ta tabbata a sunna, ba gardama. Sai dai masallatan yau da darduma suke, kuma shiga da takalmin da ya taka kasuwa zai ɓata shimfiɗa ya ta da husuma. Ka yi alwala ka wanke ƙafa, ka sa safa mai kauri, ka cusa ƴar matashiyar dunduniya ta roba a ciki, irin wadda ake samu a farmasi. In wannan bai isa ba, ka keɓe takalmi mai laushi wanda ba ya taka waje, ka sanar da liman tun kafin mutane su gani. Ka nemi ƙarshen sahu wajen bango, ga wurin jingina, ga shi ba ka takura kowa ba.

Sakiya kada ka yi. Ana yin ta ne don a fitar da mugunya, nan kuwa babu mugunya, jijiya ce ta gaji. Ƙona fata da ƙarfe ba ya kaiwa gare ta, sai dai ya bar maka gyambo a wurin da kake takawa kullum. Magani da wuta abin ƙi ne ko da ana sa ran amfaninsa, balle inda babu. In kana da ciwon sukari kuwa haramun ne, domin ciwo a ƙafar mai sukari shi ke kai mutane ga yanke ƙafa. A shekarunka, ka auna sukarinka ko ba ka jin komai. Ɗora ƙafa a kan dutse mai zafi da wasu ke yi, shi ma kada ka yi.

Maganar ɗaukar sawu ita ta fi damuna. Sihiri akwai shi, amma ciwon da ke tashi da takun farko, ya lafa da tafiya, ya dawo bayan doguwar tsayuwa, siffarsa sananniya ce, haka yake ga malamin makaranta da soja da mai tuyar ƙosai. In aka buɗe ƙofar zargi, kan maƙwabcin shago ko wani ɗan uwa za ta faɗa, ka zo kana ƙin gaisa da mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ka gaya wa ƙanenka ya kama bakinsa, cikin lumana. Ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma, ka ɗora hannu a wurin ciwon ka yi addu'ar da aka koyar, ka nemi magani.

Maganin kuwa yawancinsa a hannunka yake. Ka tashi minti goma kafin lokacin da ka saba. Tun kana bakin gado, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, ka ɗora ƙafar dama a kan gwiwar hagu, ka kama yatsun ka ja su baya wajen ƙwauri har ka ji jijiyar ta miƙe kamar igiya a ƙarƙashin babban yatsan hannunka. Ka riƙe daƙiƙa 10, ka saki, sau 10. Ka maimaita da rana da kuma dare. Sannan ka dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, gwiwa a miƙe, dunduniya manne da ƙasa, ka karkata gaba har sharaɓa ta ja, daƙiƙa 30, sau 3. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga dunduniya ko yin abin da fizga. A hankali ake yi, ja ake so a ji, ba suka ba. Da dare ka mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin ƙafa minti 10 zuwa 15, da ƙyalle a tsakani. Takalmi ya kasance a bakin gado, kada ka taka siminti ba takalmi ko zuwa bayi ne. Silifan soso da ya lotse ka rabu da shi. Ka nemi mai tsoka, bayansa ya ɗan fi gabansa tudu, wanda in ka lanƙwasa shi ba ya karyewa a tsakiya. A shago ka ajiye kujera, can ne wurinta: duk rabin awa ka zauna, yaro ya sauko da atamfa. In akwai ƙiba a rage.

Sai haƙuri, don ciwon yana da nawa. Kusan tara cikin goma suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba, amma masu barin waɗannan matakai bayan mako biyu su ke cewa ba ya jin magani. In hoton ƙashi ya nuna ƴar ƙaya a dunduniya kada hankalinka ya tashi, mutane da yawa na da ita ba sa jin komai. Allurar da ake yi a dunduniya ba ta karya azumi, amma maimaita ta na iya tsinka jijiyar ko ya zaizaye kitsen da ke kare ƙashin, don haka likita ne zai yanke. Ibuprofen da danginsa na ƴan kwanaki ne, bayan cin abinci; shan su kullum na jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda, musamman a zafin Afrilu da Mayu da jiki ke bushewa, ko ga mai hawan jini. Tramol na masu talla a tire kuwa kada ka kusance shi, yana rufe zafi ya kama mutum, kuma haramun ne shan sa ba da umarnin likita ba.

Ka koma asibiti ba jinkiri in ka ji ƙafar na mutuwa ko tana zugi kamar wuta, ko ta kumbura ta yi ja da zazzaɓi, ko ka ji wani abu ya tsinke ka kasa takawa, ko ciwon ya hana ka barci kana kwance. Waɗannan ba siffar wannan ciwo ba ce. In likita ya duba ya hana ka ɗora nauyi a kan ƙafar, hukuncinka ya sauya: ka yi farilla a zaune a ƙasa da sujadarka har ya sallame ka. In ciwon ya wuce wata shida kana yin abin da na lissafa bai ragu ba, ka roƙe shi ya tura ka wurin masu gyaran gaɓɓai da ake ce wa kine, ka kuma tambaye shi takalmin dare mai riƙe ƙafa a miƙe.

Wallahu a'alam.