Yaro Na Son Tara Kan Sarki: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: Na buɗe tsohuwar adakar mahaifinmu a Gwammaja, na tarar da tarin wasiƙu da kan sarki a jikinsu. Ɗana mai shekara 9 ya nace sai ya tara su. Yaya za mu cire su ba su yage ba, kuma suna da kuɗi?

Amsa: Hajiya, kafin almakashi ya taɓa ko ambulan ɗaya, ku zauna ku ware su. Duk wasiƙar da hatimin gidan waya ya fito sarai a kanta, ana karanta sunan gari da kwanan wata, musamman ta kafin 1960, a bar ta yadda take. Ambulan da kan sarkinsa da hatiminsa ya fi kan sarkin da aka ɓamɓare daraja. Sababbi da waɗanda kuke da irinsu da yawa su yaro zai koyi hannu da su.

A yanke takardar kewaye da kan sarkin, a bar tazarar kamar faɗin yatsa. A zuba ruwa mai ɗan ɗumi a faranti mai zurfi, a saka guda 10 zuwa 15, hoton yana kallon sama. Bayan minti 10 zuwa 15 gam ɗin zai narke, kan sarkin ya zame da kansa. In bai zame ba a ƙara masa lokaci, kada a ja. Nan yara suka fi yin ɓarna: garaje ke sa bayan ya ɗaye ko haƙoran gefe su gutsure, kuma kan sarki mai giɓi ya rage daraja ke nan. Ruwan zafi yana kashe launi. Jan ambulan ko kore yana zuba, sai a jiƙa shi shi kaɗai, in ba haka ba ya rina sauran. Akwai kuma na zamani daga ƙasashen waje masu manne kansu kamar sitika. Yawancinsu ruwa ba ya cire su, a gyara yankan a bar su da takardarsu.

An cire, sai a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a kifa su a kan farar takarda, ba jarida ba, don tawadarta tana kamawa. In sun sha iska a sa su tsakanin takardu biyu, a danne da littafi mai nauyi su kwana.

Kayan aiki uku sun isa: hantsaki mai faffaɗan baki marar kaifi, madubin ƙara girma, da kundi mai aljihunan leda. Hantsakin ba iyayi ba ne, gumi da maiƙon hannu suna barin tabon da sai daga baya yake fitowa. Salatif da gam kuwa a nisanta su gaba ɗaya. A Kano damina ce babbar abokiyar gaba: a watan Agusta laima na sa fumfuna da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, ta manne wanda ba a yi amfani da shi ba a jikin leda. A tsayar da kundin a tsaye cikin kabad, nesa da bango da ƙasa saboda gara da kyankyaso, a riƙa buɗe shi yana shan iska.

Abin da zai riƙe yaron shi ne labarin da ke jikin takardar. Ki nuna masa dalilin sunan: na farkon da aka buga wa Arewa a 1900 kan Sarauniya Victoria ne a jiki, sarakunan Ingila suka biyo baya. In ya ga "1½d" ki ce masa ahu ke nan, "3d" taro, "6d" sisi, kuɗin da aka daina a 1973 da Naira ta zo. Na ahu a jerin 1953 gyaɗar Kano ce a jikinsa, na kwabo kuma mahayan dawakin Borno. Na Saudiyya da Masar ɗan Islamiyya zai karanta su da kansa. Wanda aka rubuta wa Helvetia na Siwizalan ne, Nippon na Japan, wanda babu sunan ƙasa sai kan sarki ko sarauniya na Birtaniya ne, ita da ta fara buga shi a 1840. Ya zaɓi jigo ɗaya, tsuntsaye ko jiragen sama, ya riƙa musaya da abokai da waɗanda suka maimaitu. Ki kai shi babban gidan waya da ke Post Office Road ya sayi sabo, ya aika wa kansa wasiƙa.

Batun kuɗi, kada ki sa rai. Yawancinsu an buga su da ɗimbin yawa, tsufa kaɗai ba ya sa su tsada. In wani ya zo yana rawar jiki zai saye adakar duka, ki dakata sai wanda ya san harkar ya duba miki waɗanda kika ware tun farko.