Amsa: bincike kan karatun 'ya'yan makiyaya

Malama, kin tambayi yadda za ki binciki karatun 'ya'yan Fulani makiyaya ki kuma buga. Ki fara da Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da ke nan Kaduna, wadda aka kafa a 1989, ki nemi jerin makarantunsu. Kafin shiga ruga, ki gaida arɗo, ki samu yardar iyaye.

Inda aikin ke lalacewa: a gwada yara da damina, a dawo da rani a tarar sun bi shanu kudu. Ki kammala tattara bayanai cikin damina ɗaya. Tambayoyi kuma da Fulatanci, in ba haka ba Hausarsu kika auna.

Mujallar da za ki buga a ciki kuwa, ki duba ta a AJOL ko DOAJ, shafukan intanet masu jera mujallun bincike, kafin ki biya ko sisi na kuɗin bugawa.