Sharaɗin Biyan Kuɗin Horo Ga Ma'aikacin Da Ya Tafi Kafin Wa'adi

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ƙaramin kamfani na girka wutar sola a gidaje da ofisoshi. Duk yaron da na koya wa aiki, da zarar hannunsa ya faɗa sai wani kamfani ya ɗauke shi. Mutum 5 na rasa cikin shekara biyu. Ɗaukar mutum ɗaya kuwa tana cin kuɗi: talla, kamashon masu nemo mana ma'aikata, kwanakin intabiyu, kwas ɗin da muke tura su, ga kayan da suke lalatawa kafin su ƙware. Yanzu na tsara cewa wata uku na farko horo ne ba albashi, ko da yake daga mako na uku suna bin manya zuwa wuraren aiki suna jan waya suna ɗaura farantan sola. Wanda ya tafi kafin shekara biyu zai biya ninkin abin da aka kashe masa, kuma zan riƙe asalin takardunsa na makaranta. Wani abokina ya ce sharaɗin gaba ɗayansa haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya sa wa nemanka albarka, ɗan'uwa.

Ka yi tambaya a kan sharaɗin shekara biyu, amma ni abin da ya fi tsayar da ni shi ne maganar da ka ambata a wucewa: daga mako na uku yaran suna hawa rufin mutane suna ɗaura faranti. Mai gidan da aka yi wa aikin, wa yake biya? Kai yake biya, kuma ba ka rage masa ko kaɗan don cewa ɗan koyo ne ya ja masa waya. To daga ranar da yaro ya fara aikin da kake karɓar kuɗinsa ya zama ma'aikaci, kuma abin da ke tsakaninku ijara ce, wato ƙwadago da lada, ko da a takarda ka rubuta "horo". Makonni biyun farko da yake zaune yana kallo yana koyo, ba ka da wajibin biyansa idan da haka kuka yi. Sauran makonni goman kuwa akwai lada a kanka. Kana iya sa masa albashi ƙasa da na ƙwararre, wannan ba laifi, amma a ambaci adadinsa tun farko. Waɗanda suka riga suka yi maka irin wannan aiki ba a yanka musu komai ba, ka nemo su ka ba su ladan da aka saba biyan irinsu. Kada ka ce ai sun yarda. Mai neman aiki da ya daɗe yana yawo da takardu zai sa hannu a kan kusan komai. Ka san hadisin mutum ukun da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, na ukunsu wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya karɓi cikakken aiki ya hana shi lada.

Shi kuwa sharaɗin cewa wanda ka kashe wa kuɗin horo ya zauna wani wa'adi sananne, in ya tafi ya mayar, ya halatta. Maganar abokinka ba a iska ya ɗauko ta ba, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta.

Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin Barira, baiwar da Nana A'isha ta saya ta 'yanta, cewa duk sharaɗin da ba ya cikin Littafin Allah ɓatacce ne. Ibn Hazmi ya tafi a kan zahirin wannan, har ya ɓata kowane sharaɗi sai wanda nassi ya ambata. Amma a dubi sharaɗin da aka ɓata a ƙissar: iyayen gidan Barira sun so su sayar da ita su kuma riƙe wala'inta, wato hakkin jiɓinta da gado a kan bawan da aka 'yanta, alhali shari'a ta riga ta ba da shi ga wanda ya 'yanta. Sharaɗi ne da ya yi karo da hukunci tabbatacce. Da ma'anar ita ce sai wanda aka ambata da suna, da Jabir bai sayar wa Annabi (SAW) raƙuminsa da sharaɗin zai hau shi har Madina ba. Suna kuma kawo ruwayar hani ga haɗa ciniki da sharaɗi, wadda Imamu Ahmad ya yi inkarinta, hadisin Jabir ɗin nan kuma yana ture ta.

Wasu sukan bi ta wata ƙofa su ce tara ce ta dukiya, ko cin dukiyar mutane da ɓarna. Bukhari ya kawo daga Ibn Sirin cewa wani mutum ya ce wa mai ba da hayar raƙuma ya shirya su, in bai tafi tare da shi rana kaza ba zai ba shi dirhami 100. Bai tafi ba. Alƙali Shuraihu ya ce wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da ganin dama, ba tilas, to yana kansa. Mai raƙuma ya ɓata ranarsa ya ƙi wasu matafiya, kai kuma ka biya kuɗin kwas da fatan cin moriyarsa. Illar ɗaya ce. A kan wannan, wato halaccin sharaɗin biyan diyya ga wanda ya saɓa yarjejeniya, Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta tafi a 1394 Hijira, haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na 12 a Riyad, shekarar 2000. Sai dai majalisar ta biyun ta sa iyakoki, kuma su ne suka kama ka. Ta ce ba a sa irin wannan sharaɗi inda asalin abin da ke kan mutum bashi ne, don riba ce, wato kuɗin ruwa. Ta ce diyyar ta tsaya ga hasarar dukiya ta haƙiƙa, ba a aiki da ita in uzuri ne ya fi ƙarfin mutum, kuma alƙali na iya rage ta in an wuce gona da iri.

Saboda haka "ninki" ya fita. In ka ɗauke shi bashi, abin da ka ƙara a kai kuɗin ruwa ne. In ka ɗauke shi diyya, ya zarce hasararka. Ka kuma kula da lafazin takardar, kada lauya ya rubuta maka cewa kamfani ya ranta wa wane kuɗin horo bisa sharaɗin ya yi masa aiki. Wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma haɗa rance da ijara ne. A rubuta cewa kamfani ya ɗauki nauyin kwas kaza a kan kuɗi kaza, ma'aikaci ya yarda da zama wata 24, in ya tafi da kansa ya mayar da kason da ya rage. Wanda ya yi wata 18 rubu'i ne kawai a kansa, don ka riga ka ci moriyar kashi uku cikin huɗu.

Kuma ba duk abin da ka lissafo ne zai shiga ba. Kuɗin kwas da na jarrabawar shaidar ƙwarewa, waɗanda yaro zai tafi da amfaninsu duk inda ya je, su ne za ka iya nema, ka ajiye rasit. Talla da kamasho da kwanakin intabiyu kuɗin neman ma'aikaci ne, kai ke da buƙata kai za ka ɗauka. Injin da ya ƙone a hannun ɗan koyo ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya saɓa umarni, domin ma'aikacin da ka keɓe wa kanka amintacce ne a kan abin da ke hannunsa. In kai ka kore shi ba laifinsa, ko ka riƙe masa albashi har ya gaji, ko ciwo ya kwantar da shi, ba ka binsa komai.

Takardun makaranta ka mayar musu. Jingina ana karɓarta ne don a sayar a fanshe hakki, satifiket kuwa ba ya sayuwa, amfaninsa kawai ka toshe wa mutum hanyar abinci. In kana son lamuni ka nemi wanda zai tsaya masa. Ka kuma kai yarjejeniyar ga masanin dokar ƙwadagon ƙasarku kafin kowa ya sa hannu, a karanta wa yaron ita dalla-dalla, a ba shi kwafinsa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Mutum biyar cikin shekara biyu ba ƙaramin adadi ba ne ga ƙaramin kamfani, kuma ina zargin albashin da kake ba yaro ranar da bai iya komai ba shi ne kake ba shi bayan ya iya haɗa gida guda shi kaɗai. In haka ne, takarda za ta riƙe shi wata 24, a na 25 ya tafi, kuma cikin watannin nan aikin mai ƙirga kwanaki zai yi maka, a sana'ar da waya ɗaya da aka ɗaura ba daidai ba take iya ƙone gida. Ka lissafa abin da ɗaukar sabo da horar da shi ke ci maka, ka gwada da ƙarin da zai zaunar da tsohon. Sau da yawa ƙarin ya fi sauƙi. Ka kira biyu daga cikin waɗanda suka tafi, ba da faɗa ba, ka tambaye su me ya kore su. Shi kuma yaron da ke karanta wannan, wanda tun ranar sa hannu niyyarsa ya kwashi ilimi ya gudu, ya sani yaudara ce ko da daga baya ya biya kuɗin.

Allah ne mafi sani.