Manhajar waya da firgici da shan giya

Ɗan'uwa, ka ce tun bayan haɗarin nan kake firgita cikin barci, sai ka sha giya kake samun runtsawa, shin manhajar waya za ta taimaka? Za ta taimaka, amma tare da likita.

Gwada PTSD Coach, manhajar masu fama da firgici bayan wani mummunan abu ya same su, wadda ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta fitar a 2011, kyauta ce. In ka farka tsakar dare gabanka na faɗuwa, za ta bi da kai sannu a hankali kana jan numfashi har ka natsu. VetChange kuwa wata manhaja ce daban, a ciki kake rubuta yawan giyar da ka sha kullum.

Don Allah, in ka daɗe kana sha sosai, kada ka bari farat ɗaya. Yana iya jawo jijjiga mai kisa. Asibiti za ka fara zuwa.