Tambayoyi da amsoshin lafiya: abin da majinyata ke gani da faɗa idan ajali ya gabato

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan magana ɗaya, wato abubuwan mamaki da masu jinya ke gani a kwanakin ƙarshe na majinyaci. Yawancin binciken da aka rubuta a kan wannan fanni daga hosfis ya fito, wato gidajen jinya na waɗanda cutarsu ta wuce warkewa, inda aikin ma'aikata shi ne rage zafi da kwantar da hankali. Cicely Saunders ce ta buɗe na farko irin na zamani, St Christopher's, a Landan a 1967. A wajenmu kuwa wannan aiki a ɗaki ake yinsa, kuma yawanci a wuyan 'ya'ya mata da matan gida yake.

Tambaya: Likita, ciwon dajin mahaifiyata ya bazu, an sallamo mu da mofin, maganin rage zafi mai ƙarfi. Kwanan nan takan dubi bakin ƙofa ta ce ga Inna ta zo, alhali kakarmu ta daɗe da rasuwa, wani lokaci kuma ta ce a haɗa mata kaya za su tafi. Wasu dangi sun ce aljanu ne, yayana kuma ya ce maganin ne, a daina ba ta. Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Malama, Allah ya ba Hajiya sauƙi, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Abin da kika bayyana sananne ne ga duk wanda ya zauna da masu gargara. A wani hosfis da ke yankin Buffalo a Amurka, Dakta Christopher Kerr da abokan aikinsa sun riƙa tambayar majinyata da bakinsu, maimakon dogara da labarin ma'aikata, kuma a sakamakon da suka fitar a 2014, kusan kashi 88 cikin 100 sun ce sun yi irin wannan mafarki ko gani aƙalla sau ɗaya. Waɗanda aka fi gani su ne iyaye da dangi da suka riga mu gidan gaskiya, ganinsu ya fi sanyaya zuciya a kan ganin masu rai, yana kuma ƙaruwa yayin da ajali ke matsowa. Zancen shirin tafiya ma yana cikin abin da ya fi maimaituwa.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne yanayinta a lokacin. Idan ta gane ki, ta san tana gidanta, maganarta a jere take, kuma bayan ta ambaci Inna fuskarta ta saki, to wannan ba ya buƙatar magani, kuma ba dalili ba ne na taɓa mofin. Amma akwai ruɗewar ƙwaƙwalwa, wadda cuta ce da ke yawan kama masu ciwon ajali: mutum ya kasa tsayar da hankali, ya ɗauki dare rana, yana fizgar zanin gado, yana ganin ƙwari a bango, yana ƙoƙarin sauka cikin firgici. Wannan tana da sanadi a jiki, kamar zazzaɓi, ko raunin ƙoda da hanta, ko yawan sinadarin kalsiyam a jini, ko magani da ya taru. Sau da yawa ma fitsari ne ya cika mara ya ƙi fita, ko bayan gida ya ƙeƙashe, kuma da zarar an sa robar fitsari sai majinyaci ya lafa. Idan kin ga waɗannan alamu, ko yawan barci da zaburar gaɓoɓi, a sanar da likitan da ya rubuta maganin don ya rage ko ya sauya. Ki gaya wa yayanki cewa yanke mofin farat ɗaya zai dawo mata da zafi, ya haɗa mata da zufa da gudawa.

Game da batun aljanu, addu'a da karatun Alƙur'ani a gefenta ba su saɓa wa magani ba, su ma suna kwantar da hankali. Abin da nake hanawa shi ne turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da danne ta, da ɗura mata rubutu alhali haɗiya ta yi mata wuya, domin ruwan cikin huhu yake wucewa maimakon ciki. Kada kuma ku yi mata musu. Ki zauna ki tambaye ta, “Hajiya, me Inna ta ce?” Ni a ganina wannan tambaya ta fi allurar barci amfani ga wanda ba ya cikin firgici.

Tambaya: Mahaifina ya yi shekaru da ciwon mantuwa, bai gane kowa ba. Wata safiya ya kira mu da sunayenmu, ya nemi kunu, har ya tuna wani bashi ya ce a biya. Na ɗauka sauƙi ne na koma wurin aikina, washegari ya cika. Shin akwai abin da muka yi sakaci da shi? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ba ku yi sakaci ba, Malam. Likitocin Turai sun rubuta irin wannan farfaɗowar hankali tun ƙarni na 19, kuma a 2009 wani masani Bajamushe, Michael Nahm, ya tattaro tsoffin rahotannin ya sake jawo hankali a kansu. Takan ɗauki mintuna ko sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu. Masana suna da hasashe iri-iri amma babu wanda ya tabbata, shi ya sa cibiyar binciken tsufa ta gwamnatin Amurka ta tara su a kan batun a 2018. Abin da ya tabbata shi ne cutar da ke ƙasa ba ta ja da baya ba, don haka kunun bai jawo komai ba, zamanka ma da bai ƙara masa kwana ba. Ga sauran masu jinya kuwa, idan wanda ya daina ci ya kwanta laƙwas ya farfaɗo haka, a kira na nesa a ranar, a nemi gafara, a saurari wasiyya. Bashin nan da ya ambata, ku bincika ku sauke masa.

Tambaya: Na gani a Facebook cewa Turawa sun ɗauki hoton fitar rai da na'ura. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Abin da ake zuzutawa binciken Jimo Borjigin ne a Jami'ar Michigan, wanda ya fito a 2023. An duba motsin ƙwaƙwalwar mutum huɗu da ke cikin dogon suma bayan an cire musu na'urar numfashi, sai biyu suka nuna hauhawar wani motsi mai sauri da ake dangantawa da farkawa. Mutum huɗu ba su isa a kafa hukunci ba, biyun nan suna da tarihin farfaɗiya, kuma babu wanda ya tashi ya faɗi abin da ya gani. Na'ura wutar ƙwaƙwalwa take aunawa. Ba ta tabbatar da gaibu, ba ta kuma kore shi.

Tambaya: Mijina ya daina magana da buɗe ido, numfashinsa na kakari. Yana jinmu kuwa, kuma yana wahala? Daga wata baiwar Allah a Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara miki haƙuri. Ki ɗauka yana ji. Masu bincike a Jami'ar British Columbia sun auna ƙwaƙwalwar majinyata a wani hosfis na Vancouver, suka ruwaito a 2020 cewa wasu da suka daina amsawa ƙwaƙwalwarsu na amsa sauti har sa'o'in ƙarshe, ko da yake wannan bai nuna iyakar abin da suke fahimta ba. Saboda haka a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali kusa da kunne, ba tare da takurawa ba, a kuma fita waje da zancen gado da kururuwa. Kakarin kuwa yawu da majina ne suka taru a maƙogwaro saboda ya daina haɗiya, kuma bisa abin da ake gani ya fi damun masu sauraro a kan shi kansa. A juya shi gefe, a ɗan ɗaga kansa da matashi, a riƙa jiƙa masa leɓe da auduga, kada a zuba masa ruwa a baki. Idan ya riƙa tamke goshi ko nishi idan an taɓa shi, alamar zafi ce, a nemi ma'aikacin lafiya ya sauya hanyar ba shi magani tunda ba ya iya haɗiye ƙwaya.