Tambayi Likita: Wane abin wasa ya dace da ƙananan yara?

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo: Likita, ƙanwata ta haihu, suna ranar Asabar. Wane abin wasa zan kai wa jaririn?

Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Hajiya, ɗan kwana bakwai bai san wasa ba tukuna. Ganinsa bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta. Ki kai hula, safa da rigar sanyi, kin dai san hunturun Jos. Kacau-kacau sai ya kai wata 3 zuwa 4, ya fara miƙa hannu. Manyan 'yan tsanan nan masu gashi kuma kada a kwantar da shi da su, suna iya toshe masa hanci.

Wani magidanci daga Bukuru: Ɗana watansa 10, komai ya samu sai baki. Na ga kayan wasa na gwanjo da araha, in saya?

Malam, da baki yaro yake sanin duniya a wannan lokacin, ba za ka hana shi ba. Abin da zai kai bakin shi ne naka. Ka ɗauki kwalin da ke tsakiyar tishu ka tafi da shi kasuwa: duk abin da ya shige ramin, bai dace da ɗan ƙasa da shekara 3 ba. Ka ja idon 'yar tsana da tayar mota da ƙarfi, in sun yi motsi ka ajiye. Mai fenti yana ɓarewa ma ka bar shi, tsohon fenti kan ƙunshi dalma, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Balan-balan kuwa ni ba na ƙaunar ganinsa a hannun ƙaramin yaro. Guntunsa in ya liƙe a maƙogwaro da wuyar fita.

Ka duba madafin gidanka ma. Ludayi, ƙaramar ƙwarya da murfin roba, a wanke tas. Na sha ganin yaro ya ture mota mai tsada ya rungumi kwalinta.

Wata kaka daga Gangare: Keken koyon tafiya da ake zaunar da yaro ciki fa?

Mama, a haƙura da shi. Ba ya sa tafiya da wuri, sai dai ya kai yaro bakin matakala ko kaskon gawayi kafin a ankara. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. A shimfiɗa tabarma ya yi rarrafensa.

Wata uwa daga Rikkos: An ba 'yata mai shekara 2 wayar wasa mai waƙa, murfin batirin ya ɓalle.

'Yar'uwa, ki ɗauke ta yau ɗin nan. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, in ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona ta cikin awa 2, alhali yarinya na ta wasanta, sai dai ɗan dalalar miyau ko ƙin cin abinci. Ki ƙirga batiran. In ɗaya ya ɓata kuma kina zargin ta haɗiye, kada ki sa ta amai, kada ki jira gari ya waye. Ki ba ta zuma ƙaramin cokali biyu tunda ta haura shekara 1, ku wuce asibiti kai tsaye a ɗauki hoton ƙirji, ki riƙe wayar a hannu likita ya ga girman batirin.