Ranin da Gida Ke Cika

Ɗan'uwa, tambayarka ta ba mu dariya, ba ta raini ba. Ka ce idan an gama girbi a nan Sudan, ina mazajenmu ke zuwa cin rani, kuma wa ke zama a gona cikin wannan zafi. Da na karanta wa kawu, sai ya ce in gaya maka ai mu ranin da muka fito ci bai ƙare ba tukuna, ga shi an haura shekara ɗari.

Ƙauyenmu yana kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno, garin da ya ɗauki sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda aka kashe a Burmi a 1903. Kakan mahaifinmu ba ya cikin ayarin farko da ya biyo Mai Wurno zuwa nan bayan Burmi. Daga baya ya biyo hanyar hajji a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a bakin kogi, ya ce bari ya yi noman shekara guda. Mu ne noman. Kogin kuwa shi ne Shuɗin Nilu, amma ba za ka ji wani a nan ya kira shi haka ba, Bahar kawai muke cewa.

Abin da kuke kira bazara mu sef muke ce masa, damina kuma harif. Daga Maris zuwa Yuni gonar tudu ba ta da aiki, baƙar laka ce ta tsattsage har ƙafar ɗan akuya takan faɗa ciki. Samari suna fita neman kuɗi, ban musa ba. Sai dai a daidai lokacin ne makarantu suka saba ba da dogon hutu, saboda haka maimakon gida ya zama kango kamar yadda kake ba ni labarin ƙauyenku, namu cika yake yi. 'Yan'uwa da ke Khartoum da Wad Madani da Port Sudan suna turo mata da yara, wasu mako biyu, wasu sai an yi ruwan fari.

Ba wanda ke kwana a ɗaki. Da magariba ake fito da angarib, gadon katako ne da aka saƙa da igiya, a jera su a tsakar gida, maza nan, mata can bayan danga. Da safe a mayar da su ƙarƙashin rakuba, wato rumfar kara. A nan rayuwar yini take. Randa biyu na gefe a kan ƙarfe, muna ce musu zir, ƙarƙashin kowace an ajiye kwano yana tarar ruwan da ke ɗiga, wanda Hajiya ba ta yarda kowa ya taɓa sai ita, wai shi ne ruwan kofi. Kofin ma ba irin na gwangwani ba ne. Ana soya shi a kan gawayi, a zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, a daka da citta, a zuba a jabana, ƙaramin tulun yumɓu mai dogon wuya. Baƙon da ya miƙe bayan kofi ɗaya, za a tambaye shi ko wani abu aka yi masa.

Aikin da ke akwai a lambu yake, jinena a bakinmu. Tamu tana da mangwaro da gwaiba da lemun tsami, da ɗan fegin ayaba. A sef Bahar yana ja da baya sosai, don haka kusan kowane mako sai an ƙara tsawon bututun injin ban-ruwa. Da asuba ake tayar da shi, kafin hantsi an kashe. Yaran birni su ne 'yan tare ruwa a kwami. Ranar farko da takalmi suke shiga, rana ta uku babu mai sanin inda nasa yake.

Wajen ƙarfe goma ake karin kumallo, fatur, kuma shi ne babban abincin safe. Ana kawo babban faranti, siniya, kowa ya sa hannu. A nan za ka ga inda muka zama 'yan ƙasa da inda muka ƙi. Akwai kisra, wainar dawa mai tsami sirirya kamar takarda, da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Amma da dare tuwo ne, Hajiya kuwa ba ta amince da kalmar asida a kan tuwonta ba. Jikokinta na birni da Larabci suke mata magana, ita kuma da Hausa take amsawa, ta yi kamar ba ta ji ba sai yaro ya ce "ruwa" a maimakon "moya". A ganina da ba don wannan hutun ba, da rabinsu ba su iya ko gaisuwa. Idan an yi yanka kuma, maza su gasa agashe da ƙuli-ƙuli. Larabawan da ke cinsa a birni sun san sarai daga hannun wa ya fito.

Bukukuwan aure ma yawanci a wannan tsakani ake sa su, tunda akwai hatsi a rumbu kuma dangi na kusa. Haka gayya, da maƙwabtanmu ke kira nafir. Kafin harif ake yin ta, a sauya jinkar ɗakuna, a ɗaure danga. Wata shekara mun gama ɗaura sabuwar rumfar biki da la'asar, an shimfiɗa tabarmi, sai gabas ta yi ja. Habub ce, guguwar ƙura da ke tasowa kamar bango. Kafin a kwashe kwanuka ta ɗauke rumfar ta kai ta garken maƙwabci. An ɗaura auren a masallaci, aka ci tuwo yana ƙas-ƙas a haƙori, amaryar har yau ana tsokanarta da shi.

Ku kuna cewa baƙo raɓa ne. Mu ma haka muka sani har Afrilun 2023, cikin azumi, da yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Waɗanda suka saba zuwa da jakar hutu sai ga su da katifa a kan mota, wasu ko takalmi babu. Angarib bai isa ba, muka kwance ƙofofi biyu muka ɗora a kan bulo. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba aka ƙaru. A shekarar da ta biyo baya faɗan ya iso jiharmu, mu masu saukar baƙi muka kwana muna lissafin gidan wa za mu sauka. Wannan ba labarin wasiƙa ɗaya ba ne.

Ka ce kana son zuwa idan ƙura ta lafa. Ka zo a Mayu, lokacin mangwaro, kada ka zo a Agusta, laka ba za ta bar motarka ta iso ba. Hajiya ta ce ka taho mata da daddawa ta kalwa da goro ɗan Shagamu, wai wanda ake samu a nan ya sha hanya har ya manta ɗanɗanonsa.